Carbin Mama Ya Koma Talatin da Uku

Abin da Rifkatu ta gada a wurin uwarta bai cika tafin hannu ba: carbin rosari na itace, irin na 'yan Katolika, ƙwaya hamsin da tara da ɗan gicciye. Ranar da zarensa ya tsinke, sai da ta bi ƙarƙashin gado da rarrafe ta tsinto su duka, har da babbar ƙwayar nan da Mama ta ciza lokacin da ciwon ajali ya murɗe ta, wadda shatin haƙorinta ke jiki.

Mama ba ta taɓa sanin ko bihim ba. Wani Fada ne, limamin coci a Zuru, ya gaya mata cewa a ƙasar Turawa can dā, masu ilimi na karanta Zabura ɗari da hamsin, talakawa kuwa sai su ƙulla igiya suna ƙirga addu'a. Tun daga nan take cewa carbin shi ne littafinta.

Duk Illela an san babu mai shirya carbi kamar Malam Uzair na bakin kasuwa. Sai dai Rifkatu, baƙuwar malamar makaranta, ta ji nauyin miƙa wa dattijon malami gicciye. Ta cire shi ta ɓoye a jaka, ta ba shi ƙwayoyin a ƙulle cikin hankici, ta ce a shirya mata. Iyakar abin da ta faɗa ke nan. Kunya dai ba ta taɓa yi wa kowa aiki ba.

Sai bayan kasuwa biyu ta samu komawa. Malam ya miƙo mata carbi tsaf, har da tuntu kore, yana murmushin wanda ya san hannunsa.

Ta ƙirga. Ta sake ƙirgawa.

"Baba, ina sauran?"

"Sauran mi, ɗiyata? Talatin da ukku anka sani ga tasbaha. Na ga sun yi yawa ga ƙarama, ba su isa babba ba."

Ta zaro gicciyen ta ɗora a kan tabarmarsa. Dattijon ya daɗe yana kallonsa, sannan ya dafe kai.

"Subhanallahi. Don mi ba ki hwaɗa mini ba?"

Ya juye gwangwanin da yake tara ragowar ƙwayoyi, suka tona tare har la'asar. Ba ko ɗaya. Ya ce da su ya cike giɓin carbin wasu fatake da suka ƙetare Ƙonni, wani ma ya ce Agadas ya nufa, kuma bai san sunan ko ɗayansu ba. Babbar mai shati kuwa, ita ma ta bi fataken; ya tuna da ita sarai, don har ya ɗan goge ta.

Da ma mugunta ya yi mata, da ta samu wanda za ta zaga. Amma tsohon hawaye yake yi, kuma ita ce ta ɓoye gicciyen. Baƙin cikin bai da wurin zuwa sai cikinta.

Da ta isa gida ta durƙusa ta fara gaisuwar Maryamu. A ta goma yatsanta ya tafi neman babbar ƙwaya, inda Mama kan tsaya ta ja numfashi. Ya tarar da ƙarama irin sauran. Ta koma farko, ta sake zuwa goma, ta sake komawa, har gwiwoyinta suka mutu ba ta wuce wurin ba.