Ciwon Aro

"Hajiya, katin nan fa ya cinye kasonsa na bana," in ji ma'aikaciyar da ke bayan taga, ko ɗago kai ba ta yi ba.

Tasalla ta dubi Amna, Amna ta dubi ƙasa. Can kan benci Baba Kura, mijin Amna, ya jingina da bango, ƙafafunsa sun kumbura har takalmi ya ƙi shiga. Shatar mota suka ɗauko daga Roni zuwa wannan asibitin kuɗi na Kazaure. Ita Tasalla rakiya ta yi, katanga ɗaya ce ta raba gidajensu shekara ashirin da ɗoriya.

"Ya cinye kamar yaya, 'yar nan? Kati ne ko akuya?"

"Kowane tsari yana da iyakar abin da kamfanin inshora zai biya a shekara, nasa ya kai tun watan jiya. Likita ya rubuta a kai shi Kano wankin ƙoda, amma kamfani ba zai biya ba sai shekara ta juyo." Ta leƙa kwamfutar. "Zuwansa ashirin da uku cikin wata takwas. Gyambon ciki, basir, tari, ƙaiƙayin ido. Kai, Baba yana fama."

Fama! Tasalla ta ja tsaki har sai da mutane suka waiwayo. Mutumin da ko zazzaɓi bai taɓa kwantar da shi ba ne mai basir da gyambon ciki? Ta san masu su ɗaya bayan ɗaya, har ƙofar gidan kowa.

'Yarsa Zulaikha, mai aiki a Kano, ita ta yi masa inshorar lafiyar. A gaban Tasalla ta baje takardu a kan tabarma: tsari uku ne, ƙarami, matsakaici da babba. Baba Kura ya ce shi da yake nome gonar gerorsa da hannunsa, me zai yi da babba? Aka ɗauki na tsakiya. "Baba, na mutum ɗaya ne," ta ce, "kuma yana da iyaka. Don ranar wahala na yi maka." Ya gyaɗa kai, ya sa mata albarka.

To amma unguwar da ake aron turmi, a ari tsani, a ari baro ba a dawo da shi ba, kati ne zai tsira? Da suka ga hotonsa a jiki, katin ba ya aruwa, sai suka koma ara masa ciwo. Lauwali mai faci ne ya ɓullo da dabarar. "Baba, in ka je ka ce cikinka yana zafi in ka ci yaji." Bawan Allah ya hau acaɓa, ya je ya karanta wa likita, ya dawo da magani a leda. Kafin wata biyu ƙattin unguwa har layi suke yi masa bayan sallar Asuba, kowa da nasa karatun. Ko kuɗin acaɓa babu shegen da ya taɓa miƙa masa, sai "Allah ya saka, Baba."

Nasa kumburin kuwa tun farkon damina ya soma. Duk ranar da ya ce yau zai faɗa wa likita, sai wani ya tare shi a bakin titi da saƙo, shi kuma kunyar jera ciwo biyu a zama ɗaya yake ji.

Zulaikha ta sayar da abin da za ta iya sayarwa, aka kai shi Kano aka yi wankin ƙodar sau biyu. Na uku ya gagara, aka dawo da shi gida.

Washegari Tasalla ta yafa mayafi ta nufi rumfar Lauwali. Ta same shi ya tsoma tayar babur a ruwa yana neman huji.

"Lauwali, ku da kuka sha maganin nan ku haɗa abin da za a mai da shi Kano. Ranar Litinin aka ce a koma."

"Wallahi, Inna, kasuwa ta mutu. Ai kamfanonin nan ɓarayi ne, tun farko na faɗa. A karɓi kuɗin mutum, ranar ciwo a ce wai iyaka?"

"Kamfani ne ɓarawo? Kai da cikinka kamar rijiya, wata takwas kana haɗiyar lafiyar tsohon nan! Tir da halinku, wallahi. Ga gemu har ƙirji, kunya ko ta sisin kwabo babu."

Lauwali ya ciro tayar daga ruwa, ya dube ta a sheƙe.

"To Inna, maganin gwiwarki fa? Daga sama ya faɗo?"

Sau uku ne kacal, kuma ta bayan katanga Tasalla ta roƙa, ta hannun Amna, tana ganin ba wanda ya sani. Ta juya, gwiwar tana yi mata zugi har gida.

Litinin ta zo ta wuce. Ran Laraba ta daure ta shiga duba shi. Fuskarsa ta cika ta yi suntum, da ƙyar idanun suke buɗuwa.

"Sannu, Baba. Ya jikin?"

"Da sauƙi, alhamdu lillahi." Ya numfasa. "Tasalla, gwiwar ta lafa kuwa? Ki yi haƙuri, an ce sai shekara ta juyo."

Ta juya ta fito.

Ran Alhamis da hantsi, mata suna sussukar sabon gero a tsakar gida, Amna ta leƙo ta kan katanga ta ce, "Tasalla, Baba ya cika." Aka ajiye taɓare.

Jana'iza ta yi jama'a, masu ciwon aro duk suna sahun gaba, kowa garau. Ran uku Lauwali ya yi sallama ya shigo yi wa mata gaisuwa. Ya durƙusa, ya yi addu'a mai tsawo har da rawar murya, sannan ya matsa kusa da Zulaikha ya yi ƙasa da murya.

"Allah ya ji ƙan Baba. Nake cewa, katin nan, in an sabunta, ana iya mai da shi sunan Inna Amna?"

Zulaikha ta zuba masa ido kawai. Tasalla ta buɗe baki, zagin ya zo mata har kan harshe, sai ta tuna amsar da za ta samu. Ta miƙe ta fice.

A ɗakinta ta zauna bakin gado, ta jawo kwanon da take ajiyar allura da zare, ta ciro 'yar farar leda. Ƙwaya huɗu suka rage. A jiki an rubuta da biro: Baba Kura, ɗaya safe, ɗaya yamma. Ta daɗe tana riƙe da ita. Daga bayan katanga ana jiyo muryoyin mata masu shigowa gaisuwa. Ta mai da ledar cikin kwanon, ta rufe, ta miƙe ƙafar tana murza gwiwar da tafin hannu.