Takalmin Mai Man Kaɗe

Ranar da Mma Azeta, mahaifiyarmu, ta zame da daron man kaɗe mai zafi a ka, Allah ne ya tsare, man ya bi ƙasa bai taɓa jikinta ba. Yaya Tijani ya taso daga unguwarsu ta Vittin a kan babur, ko zama bai yi ba ya yanke hukunci: Mma ta bar aikin mai, ta koma gidansa ta huta.

Ni dai na ga idon Mma. Tun ba a haife mu ba take dama mai tare da matan unguwarmu, Jisonayili. A zaunar da ita gaban talabijin, ai an binne ta da ranta.

Ni Mulikatu ɗinkin takalma na koya, don haka na ɗauki silifas ɗinta na duba. Ƙasansa lafiya lau. Ciki ne matsalar: mai ya jiƙa tafin ƙafarta, ƙafar ta sulale a kan roba, takalmi ya tsaya ita ta wuce.

Na shimfiɗa soso a ciki, ya sha mai ya lalace. Na sa robar taya, ta goge mata ƙafa har ta yi bororo. Fata mai sheƙi kuwa ta fi silifas santsi. Sai na juya fatar akuya, gefen nan mai kaushi da kowane baduku yake ɓoyewa, na ɗinka shi yana kallon sama. Muni kam ba a magana.

Ranar da Yaya ya zo ɗaukarta, ya juya takalmin yana dariya. "Kai, chale, wannan kuma mene? Kin ɗinka shi a baibai!"

Mma ta karɓe. Ta lakato mai ta shafe tafin ƙafarta da gangan, ta zura takalmin, ta ce a aza mata daro cike da ruwa. Ta ratsa tsakar gida, ta juya a kan dunduniya, ta dawo, ko ɗigo bai zuba ba. Matan da suke aikin mai tare suka rangaɗa guɗa. Wallahi ji na yi kaina ya fi ƙarfin ɗankwalina.

Mma ta sauke daron a gaban Yaya.

"Tijani, ka gaida mutanen gida. Matsa mini, maina yana kan wuta."