Takardar da Tsoho Qiao Bai Liƙa Ba

"Shufen! Zo ki gaya min inda zan liƙa wannan!"

Na ajiye kabejin da nake yankawa na tsallaka. Tsoho Qiao maƙwabcina ne tun ina amarya a lungunmu na birnin Chengdu. Na iske shi tsakar ɗaki da guntuwar takarda a hannu.

Tun da aka ce jikarsa Xiaoman, haifaffiyar Kanada, za ta zo bikin sabuwar shekara, kuma ba ta jin yarenmu, ya duƙufa koyon Turanci. Irin na 'yan makarantar zamaninmu yake yi: ya rubuta kalma, ya murje ƙwayar dafaffiyar shinkafa a bayanta, ya liƙa a jikin abin. Buta da tata, ƙofa da tata. Kyanwa ce kaɗai ta tsira, ita ma don ta ƙi tsayawa.

"Yaya, me kuma wannan takardar ta ce?"

"Ubiquitous. Wato abin da duk inda ka juya yana nan."

"To liƙa wa tarin nan da kake yi dare da rana mana."

"Ai goshinki ya fi dacewa, uwar tsegumi."

Muka yi dariya har ta sarƙe shi. Da ya huta sai ya ce, "Da can ne, da na liƙa wa hayaƙin murhu, ko kiran mai washin wuƙa. Yanzu ina suke?" Ya cusa ta a aljihu. "Idan yarinyar ta zo, ita za ta nuna min."

Bai kai sabuwar shekara ba. Wata rana da safe aka same shi a kujerarsa ta gora ya cika, shayinsa ya huce.

Xiaoman ta iso ana makoki. Ba ta san kowa ba, ba mu san me za mu ce mata ba. Sai ta kama bin bango tana taɓa takardun nan, tana karantawa a hankali. Buta. Taga. Bargo. Har da cokali.

Na miƙa mata wadda na tsinta a aljihun rigarsa. Ta karanta, ta daɗe tana duban ɗakin, rubutun kakanta ta kowace kusurwa. Ta yi min alama tana neman abin liƙi. Na ɗebo shinkafa a tukunya, na kama yatsanta na nuna mata yadda ake murjewa.

A bayan kujerar gorar ta liƙa. Kyanwa ta zo ta shinshina, ta hau ta kwanta.