Jariran Gwaggo Zinariya

Tun daga tashar Nguru Rahima take jera magana a ranta, har mota ta shiga Gashua ba ta samu wadda za ta faɗu ba. Likitar bincike ce, bakinta ya saba da manyan kalmomi, amma yau ya yi mata nauyi.

Ai bakin ne ma ya jawo. Bara, da ciwon ƙoda ya kwantar da gwaggonta Zinariya, Rahima ta roƙe ta 'yar fatar hannu don binciken da suke yi. Garin sauƙaƙa bayani ta ce, "Ƙwayoyin fatar za mu mayar jarirai, Gwaggo, mu rene su, ko wata rana su zama naman ƙoda."

Zinariya kuwa ba ta taɓa haihuwa ba. Duk bayanin ya bi iska, kalma ɗaya ta zauna daram. Ga ta Bafulatana mai kunyar 'ya'yan fari, ba ta tambaya kai tsaye. Sai dai a waya ta ce, "Ya mutanen naki? Suna ci kuwa?" Rahima ta yi dariya ta ce suna ci.

Yau da Rahima ta isa gidan, ta sami Zinariya a kan tabarma, ƙafafu a kumbure. Bayan gaisuwa Rahima ta sunkuyar da kai.

"Gwaggo, mun duba su. Wajen yawaita, tangarɗa ta shiga tsarin halittarsu. Ba sa daina girma. In aka sa su a jikin mutum, suna iya zama ciwon daji."

"Ba sa jin magana ke nan."

"Ba sa ji. Dole muka kawar da su. Za mu sake, amma aikin na shekaru ne."

Su biyun sun san ƙodar ba ta da shekarun. Zinariya ta daɗe tana shafa ɗan tabon hannunta.

"Sun wahala?"

"A'a, Gwaggo. Ba su san komai ba."

"To, alhamdulillahi."

Rahima ta zo ne da niyyar rarrashi, sai ga shi ita ce ke kuka, tausayi da kunya sun haɗe mata. Tsohuwar ta jawo kanta ta ɗora a cinya.

"Ni ko ganinsu ban yi ba, 'yar nan. Ke kika yi reno, ke za a yi wa gaisuwa. Ya haƙuri?"