Hular Lailatu

Tef ɗin awo bai gama zagaye kan jaririyar ba Hajja Ummuhani ta fizge shi daga hannun nas.

"A'uzubillahi! Mai rai ake aunawa?"

Rahamatu, uwar jaririyar, ta sunkuyar da kai don kunya. Nas ɗin, Sista Fatin, ta dubi tsohuwar da murmushin haƙuri.

"Habboba, kakarmu, matar ɗanki ta yi zazzaɓi da cikin nan, har da ƙuraje da jan ido. Ba maleriya ba ce, wata cuta ce da sauro ke kawowa. Wani jaririn ta ƙyale shi, wani ta taɓa masa ƙwaƙwalwa a ɓoye. Shi ya sa duk wata muke auna kai, mu duba ido da kunne."

"Ya bitti, 'yata, gawar da na wanke ta fi gashin kanki yawa. Ba a kawo kara a auna mutum sai za a haƙa masa rami. Ba mai yi wa jikata mugun fata. Halas, magana ta ƙare! Rahamatu, goya ta mu tafi."

*

Damina ta janye, baƙar lakar Gadarif ta bushe ta tsattsage. Yunusu, mijin Rahamatu, ya ɗaure kayansa zai tafi Fashaga yankan riɗi.

"Ki bi maganar Hajja," in ji shi a bakin ƙofa. "Da yaƙi ya koro mu daga Madani, wa ya buɗe mana ɗaki in ba ita ba?"

Ta bi. Jaririyar Lailatu kuwa ba ta da rigima, har matan unguwa na yi mata kirari da mai haƙuri. Da la'asar Rahamatu kan zauna gindin dalbejiya, ƙamshin gahawar Hajja na tashi, 'yar na cinyarta sanye da 'yar hula rawaya da ta saƙa mata a kwanakin zazzaɓin. Sai ta lumshe ido ta ga kogin Madani, ta ga Lailatu ta girma tana gudu a bakinsa da kayan makaranta, tana waiwayowa tana dariya. Kullum a mafarkin hular tana hannunta, ta yi mata kaɗan.

Ran nan maƙwabciyarsu Asia ta shigo da ɗanta Sami a kafaɗa. Mako guda aka yi sunansu da Lailatu.

"Ga huluna na kawo miki, duk sun matse shi. Kan nan kamar kankana, ubansa ya biyo!" Ta leƙa cinyar Rahamatu. "Ke, wannan ba hular suna ba ce? Wane irin ulu ne haka, yana girma da yaro?"

Rahamatu ta yi dariya. Bayan Asia ta fita, ta zura yatsa tsakanin hular da goshin 'yar. Ya shige ba wuya, kamar ranar suna. Riguna sun ɗage, safa ta matse. Hular ce kaɗai ba ta motsa ba.

Ta miƙe ta yafa tobinta, dogon mayafin fita.

"Hajja, zan je kasuwa sayen kuɓewa."

"Da rana haka? To rufe mata kai."

*

Raksha, keke mai ƙafa uku, ta ajiye ta ƙofar asibiti. Sista Fatin ta gane ta, ta jawo tef. Ta auna, ta warware, ta sake aunawa. Ta kaɗa makullai kusa da kunnen Lailatu, 'yar ta ɗan zabura. Ta kunna ƙaramar tocila tana kai ta dama da hagu. Idanun suna can suna kallon wani wuri da ba kowa a cikinsa.

"Tana ji," in ji sistar a hankali. "Idon ne, da kan. Dole likitan yara ya gan ta cikin makon nan, a fara motsa mata gaɓoɓi. Da tun farko aka…" Ta haɗiye sauran.

"Kan zai girma?"

"Ki riƙa kawo ta, 'yar'uwa. Abin da za a iya cetowa, mu ceto."

A hanyar dawowa Rahamatu ta lumshe ido ta nemi kogin. Ga ruwan, ga bakinsa, ba kowa.

Ta tarar da Hajja zaune kan tabarma, fuska fal fara'a, da sabuwar hula koriya a hannu.

"Kin bar min jika da hula ɗaya kamar marainiya. Yaro girma yake yi, ya bitti! Daidai watanninta na saƙa. Kawo kishiyata."

Ta cire rawayar, ta sa koriyar. Hular ta zame ta rufe goshi, ta rufe idanu, ta tsaya a kan hanci. Hajja ta ƙyalƙyale da dariya, tana jiran 'yar ta yi kuka, ta kai hannu ta ture abin da ya tare mata haske.

Lailatu ba ta ture ba.

Dariyar ta ƙafe. Tsohuwar ta naɗe bakin hular sau ɗaya. Ta sake naɗewa. Ba ta ɗago ta dubi Rahamatu ba, ba ta kuma tambayi ina kuɓewar ba.