Gwaggo Ta Tuge Shinkafarta

Da shinkafar Gwaggo ta fara yin rawaya, kowa ya ce taki ne ya yi mata kaɗan. Yayanta, wanda gonarsa ke manne da tata, har ƙara wa tasa takin ya yi. Ita kuwa ta tsinko ganye ta kai wa malamin gona. Ya ɗaga shi a rana, ya nuna mata ɗigo-ɗigon da ke jiki, ya ce cuta ce da ba ta jin magani. Wasu ƙananan ƙwari ne ke gwaguyar mai ciwo, su tsallaka kan mai lafiya. Sai dai a tuge duk wadda ta kamu a ƙone, a share ciyawar kan iyaka inda suke ɓuya.

Ta koma ta ɗaure zane ta faɗa cikin taɓo. Shinkafar da ta dasa har bayanta ya ƙage, ita ta riƙa tugewa tana tarawa tana cinna mata wuta. Masu wucewa suka tsaya kallo. Wani ya ce tun rasuwar mijinta kanta bai koma daidai ba. Ta ji sarai, ba ta ɗago ba.

Hayaƙin ne ya kawo Yaya. Ya ce ta kashe wutar nan, abinci take ƙonewa, kunya take ja wa gidansu.

"Yaya, taka ma ta kamu, dube ta duk ta tsumbure," in ji ta. "Ƙwarin nan ba su san iyaka ba."

Ya rantse muddin yana numfashi ba mai taɓa masa ko ganye ɗaya.

"Ba zan taɓa taka ba. Amma tawa, ko kai ka haife ni sai na ƙone ta."

Daga ranar ya daina amsa gaisuwarta. Kullum da safe tana bin gonar layi-layi, tana cire duk wadda ta sauya launi. Wani lokaci hawaye na zubo mata, ta share da gefen hannu ta ci gaba.

Da girbi ya zo, rabin abin da ta saba samu ta ɗauka. Ta Yaya kuwa zangarniya ce ba ƙwaya.

Ranar da aka kawo irin da ke jure cutar, a ƙofar malamin gona ta tarar da Yaya, ya riga ta zuwa. Ya kau da kai. Ta durƙusa ta gaishe shi yadda aka saba, sannan ta miƙe ta ce a fara auna mata, ita tuni ta gama gyaran wurin zuba iri.