Ranar da Haladu Ya Ɗaga Zadok

"Bappa Haladu, zo ka taya ni ɗaga shi, ya zame daga kan filo," Edna matar Zadok ta faɗa ta kan katanga.

Shekara shida rabon Haladu da shiga gidan maƙwabcinsa. Da can duk Dubeli babu mai kai bayan Haladu ƙasa a kokawa. Sai Zadok ya dawo daga soja da wata sabuwar kokawa wadda ba a kama ƙafa, ba a sa taɗiya, daga ƙugu zuwa sama kawai. Gwamnatin jiha ta ba shi aikin koyar da ita, samari suka koma ƙofar gidansa. Har Maiduguri ya kai su gasa. Haladu kuwa yana kan bencinsa yana cewa wannan rungume-rungume ne, amma kunnensa na can.

Ya tarar da Zadok ya rame, wuyan nan duk ya zube. Ya sunkuya zai tallabo cinyoyinsa.

"Ba a taɓa ƙafa," in ji Zadok, muryarsa can ƙasa. "Sa hannu ta hamata. Haɗa su a bayana. Ƙirji da ƙirji. Yanzu miƙe da ƙugunka, ba da baya ba."

Haladu ya yi yadda aka ce. Mutumin ya taso kamar damin kara. Sau biyu suka taɓa karawa a ƙuruciya bai iya raba shi da ƙasa ba, yau ga shi a hannunsa, kuma ko a nan shi ake koya wa.

"Da ka zo tun farko, da ka fi su duka," Zadok ya ce.

"Wa zai riƙe yaran kokawar?" Haladu ya tambaya.

"Nicodemus, babban cikinsu."

Haladu ya gyara masa filo, ya fita.

Ranar Alhamis Zadok ya rasu. Samari suka cika layin, har daga Yolde Pate, suna rige-rigen sa kafaɗa a akwatin gawar. Haladu yana kallo, yana neman wanda zai yi wannan rige-rigen a kansa, bai samu ba.

Da suka dawo daga maƙabarta, wani mai kaurin wuya ya tsaya a gabansa.

"Sannu Baba. Ko za mu samu ruwa?"

Saurayin bai ma san ko wane ne Haladu ba. Haladu ya shiga gida ya ciko ƙwarya, ya tsaya riƙe da ita suna sha ɗaya bayan ɗaya.